Mun Nufi Ɗa'ifa da Ƙafa, Gaisuwa Ta Tsayar da Mu

Fita daga Makka

Ba a kira assalatu ba na ja ƙofar ɗakina da ke Hindawiyya, na saɓa jakar baya mai nauyin buhun shinkafa, na nufi Misfala in ɗauko Ilu. 'Yan'uwa na gida sun dame ni a waya da tambayar yadda tafiyar ta kasance, to ga shi na rubuta. Amma tun yanzu ku sani raina a ɓace yake, kuma ban yi niyyar ɓoyewa ba.

Mu huɗu ne. Ni tela ne, ɗan Fagge, na fi shekara ashirin a garin nan. Ilu abokina ne mutumin Maraɗi, sana'arsa tura tsofaffi da marasa lafiya a keke wurin ɗawafi da Safa da Marwa. Sai Fahad, jagoranmu, matashi mazaunin unguwar Shisha, haihuwar Makka, jikan Bahaushe. Larabci ne a bakinsa, Hausar kuwa tsince-tsince ce ta ɗakin kakarsa. Na huɗu abokinsa Bandar, Balarabe ƙato, wanda tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba saboda yawan dariyarsa.

Fahad ne ya ja mu. Yakan kawo mini jakunkunan hawan dutse in gyara masa zif, kullum yana ba ni labarin kakansa da ya tako daga ƙasar Kano har Makka da ƙafa, ta Chadi da Sudan. Wai Bahaushe na asali ba ya gajiya. Ni kuma da son a yaba mini, na ce ai haka ne. Kafin in ankara an tsara tafiya: daga Makka zuwa Ɗa'ifa ta tsohuwar hanyar raƙuma da ke hawa dutsen Kara, kowa da kayansa a bayansa. Na ba Ilu labari don mu yi dariya, sai ya ce shi fa da shi za a yi, ya gaji da zagaye wuri ɗaya kamar jakin niƙa.

Matarsa, Hajiya Rabi, ta biyo mu har bakin ƙofa. Ba ta kalli mijinta ba, ni ta kalla.

"Malam Sabo, ka san yana da suga. Ƙafar nan da ita muke ci, ga azumi ya kusa. Amana na ba ka."

"Haba Hajiya, kwana nawa ne? In sha Allahu yadda na ɗauke shi haka zan dawo miki da shi."

Wanda bai san Makka ba ba zai gane nauyin maganarta ba. Mai tura keke abincinsa na shekara a watan azumi yake samunsa, lokacin da masu umara suka cika gari. In ƙafar Ilu ta samu matsala kafin lokacin, gidan nan ya shiga uku.

Mina, Muzdalifa, Arfa

Mun yi sallar asuba a Harami, muka haɗu da su Fahad. Nan na fara ganin abin haushi. Fahad ya ce ba mai hawa dutse da silifas, ya kawo wa Ilu aron wani takalmi mai wuya, mai tauri kamar an sassaƙa shi da ice. Mutumin da ya yi shekaru yana taka marmara da tafin ƙafarsa! Ilu ya zura, ya taka sau biyu, ya ce ya yi daidai. Ni na ga yadda ya cije leɓe.

Fahad ya tsaya ya karanto mana dokokinsa da Larabci. Ruwa na sha ne, ba na wasa ba, saboda haka kowa ya yi alwala yanzu ya sa safa, sauran kwanakin shafa za a riƙa yi a kai, tunda matafiya ne mu. Kuma duk inda aka yada zango zai tambayi kowa jikinsa, wanda ya ce ya gaza a kira masa mota, ba kunya. Muka ce mun ji.

Muka bi hanyar masu ƙafa. Wanda ya saba ganin Mina lokacin aikin Hajji, in ya gan ta ba kowa sai gabansa ya faɗi: tantuna farare iya ganinka, ba motsin ɗan adam, sai kyanwa. Kafin mu wuce Muzdalifa igiyar jaka ta fara yanka mini kafaɗa, bayana ya jiƙe sharkaf. Na ɗinka irin jakar nan ba adadi, ban taɓa sanin muguntar da ke cikinta ba sai ranar.

A gefen Arfa muka sauke kaya bayan la'asar. Fahad ya dafa kafaɗar Bandar ya ce, "Ta'aban?" wato ka gaji? Bandar ya ce saura kaɗan ya mutu, aka yi dariya. Sai ya juyo wurinmu, ya gyara murya, ya fito da Hausarsa ta ado. Ammu yake ce mana, wato baffa.

"Ya Ammu Ilu, ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji Ilu.

"Ammu Sabo, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Fahad. Sannu da ƙoƙari."

Har na ji daɗi a raina, na ce yaron nan yana da tarbiyya, ya san a gaida manya. Shi kuwa ya juya ya ce wa Bandar, "Shuf! Ka gani? Ba na gaya maka ba?" Muka ci gurasar tamis da kifin gwangwani, Ilu ya fito da ƙuli-ƙuli da kilishi. Bandar ya ɗanɗana kilishi, yaji ya kama shi, ya yi ta hawaye yana miƙo hannu a ƙara masa. Ilu ya cire takalmi ya shige bargonsa da baƙar safarsa mai kauri.

Kwarin Na'aman

Wannan ranar ba na fatan maƙiyina ya ga irinta. Kwari ne shimfiɗaɗɗe, yashi da tsakuwa, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, kana tafiya suna ja da baya. An ce lokacin sanyi ne, amma sanyin Makka ai sai a baki. Yashi yana cin ƙafa, jaka tana danna ka ƙasa, cinya tana rawa. Tun hantsi na daina magana don kada in ɓarar da sauran numfashina.

Inda hanyarmu ta kusanci titi, direbobi suka yi ta danna mana oda kamar sun ga mahaukata. A wata tsayawar bincike jami'ai suka duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, suka tambayi inda za mu. Da aka ce Ɗa'ifa, ɗayansu ya leƙa bayanmu yana neman motar. Ya girgiza kai, ya ba mu ruwan sanyi, Allah ya saka masa.

Wanda ya ƙona mini rai wani mai shago ne da muka tsaya sayen ruwa. Ya dube ni, ya dubi Ilu, ya dubi jakunkunanmu, sai ya tambayi Bandar a ina ya samo 'yan dako tsofaffi haka, kuma ko suna da sauƙin kuɗi. Ina tsaye! Wato baƙin mutum ba zai ɗauki jaka don ransa ya so ba, sai dai ta wani. Na buɗe baki ke nan Bandar ya riga ni. Dariyar nan tasa ta ɗauke ɗif. Ya ajiye ruwan a kan teburin shagon ya ce, "Waɗannan iyayena ne, ni ne ɗan dakonsu." Ya sunkuya ya ɗauki jakar Ilu ya ɗora a ƙirjinsa, ga tasa a baya, ya fita bai sayi komai ba. Ƙishirwa ta ci mu har zango na gaba, amma daga wurin na fara kiransa da sunansa.

Da yamma ta yi na lura Ilu yana taka gefen ƙafar dama. Na rage sauri muka jera.

"Ilu, ƙafar nan fa?"

"Mi ka gani?"

"Ɗingishi na gani."

"Tsakuwa ta, ta shiga takalmi. Kai dai ji da kanka, ga ka nan kana haki kamar tsohon rago."

Da ya tsokane ni sai hankalina ya ɗan kwanta. Muka isa Kurr, gindin dutsen, ana kiran magariba. Fahad ya zagayo da tambayarsa, muka ba shi amsar da ake bayarwa. Na so in nuna masa a huta gobe, sai na ce, "Kai, yau dai rana ta yi aiki." Duk Bahaushen da ya ji dattijo ya faɗi haka ya san me ake nufi. Fahad ya buɗe jaka ya ba ni malafa.

Dutsen Kara

Kurr ne wuri na ƙarshe da mota ke iya zuwa ta ɗauki mutum cikin sauƙi. Da asuba na ga Ilu yana fama da takalmin dama, ya ɗaura ya kwance, ya sake ɗaurawa. Fahad ya zo wucewa ya ce, "Ammu Ilu, yaya ƙafa?"

Ilu ya ce, "Da sauƙi."

Nan take na matsa kusa da shi. Na ce ya cire safar in gani. Ya harare ni ya ce a gaban yara zan tuɓe shi? Na bi Fahad na ce, "Ka ji fa abin da ya ce. Ya ce da sauƙi." Fahad ya washe baki ya ce, "Alhamdu lillahi! Yalla, mu tafi." Kafin in ƙara wata kalma Ilu ya saɓa jakarsa ya shige gaba, har yana waiwayowa yana yi mini alamar in kama bakina.

Hanyar raƙuman nan matakalai ne na duwatsu da magabata suka jera, tana nannaɗe dutsen kamar rawani. Wani wurin ta zube, sai ka kama da hannu. In ka ɗaga kai ka ce ga ƙarshe can, kana isa sai wani ya ɓullo a bayansa. Gwiwoyina suka yi tsami, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Birai suka fito suna bin mu a gefe, wani ƙato ya fizge ledar dabinon Fahad ya hau dutse ya zauna yana ci yana kallonmu. Sama da kanmu kuma ga akwatunan nan masu tafiya a kan waya, da ake kira talafirik, ɗauke da 'yan yawon shaƙatawa. Suna leƙowa suna ɗaga mana hannu, suna ɗaukarmu hoto. Ban taɓa jin haushin mutanen da ba su yi mini komai ba kamar ranar.

Mun wuce rabi, wajen azahar, Ilu ya zauna a kan wani dutse. Na ƙarasa wurinsa. Na taɓa wuyansa na ji zafi rau. Wannan karon ban nemi izininsa ba, na durƙusa na kwance takalmin. Warin ne ya fara dukana. Safar ta manne, sai da Bandar ya zuba ruwa muka ɓanɓare ta a hankali. Babban yatsan ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, ƙarƙashinsa rami ne, jan layi ya fara hawa bayan ƙafar. Ashe da ɗan miki ya baro gida, bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Suga ya kashe masa jin zafin, takalmi ya yi ta ci, baƙar safa ta rufe.

Na miƙe na fuskanci Fahad. Ban san ina da irin wannan muryar ba.

"Ka gani? Ka ga aikinka? Kai da takalminka da dokokinka!"

Ya ce, "Wallahi ya Ammu na tambaye shi! Kullu marra, kowane zango! Na ce ina gajiya, ya ce ba gajiya. Kai ma ka ce ba gajiya!"

"Tambaya ce wannan? Gaishe mu ka yi!"

"Kef? Wace gaisuwa? Na ce ina gajiya!"

"To amsarta ke nan! Ko mutum a kan makara yake, in ka ce masa ina gajiya, ba gajiya zai ce maka. Wa ya taɓa amsawa da akwai?"

"To yau da safe? Ya ce da sauƙi. Sauƙi, ya'ani sahal, ba matsala!"

"Mai lafiya ba ya cewa da sauƙi, Fahad! In ka ji Bahaushe ya ce da sauƙi, to ciwo ya ci ƙarfinsa. Lafiya lau ake cewa in lafiya ce."

"Lesh? Don me ba za ku faɗi gaskiya ba?"

Nan na ƙara hawa. Na ce kada ya kuskura ya kira mu maƙaryata. Ilu ya gaya masa gaskiya tsirararta da harshen kakansa, shi ne bai ji ba. Ina cikin faɗa na ga yaron ya zauna daɓas a ƙasa. Sai ya ce, da Larabci, a hankali, kakarsa da ta rene shi haka ta yi ta ce masa a asibiti. Kullum ya je ya tambaye ta, sai ta ce da sauƙi. Ya ɗauka warkewa take yi, har ya yi tafiyarsa Jidda wurin aiki. Yana can aka kira shi, ta rasu.

Faɗan ya mutu a bakina, amma haushin bai tafi ba, wuri ya sauya. Na ji haushin iyayen da za su ba ɗa rabin harshe, su koya masa gaisuwa su bar shi bai san abin da ke ƙarƙashinta ba. Na ji haushin Ilu, dattijo da gemunsa, da zai zaɓi ƙafarsa ta ruɓe a kan yara su ga gazawarsa. Na gaya masa haka a gabansu. Ya ce, "To ya zan yi, Sabo? Yaro ya ce kakanshi ya tako tun daga Kano. Ni in ce na kasa Ɗa'ifa?"

Waya ba ta kamawa a wurin. Komawa ƙasa ya fi nisa, sai sama. Bandar ya ajiye jakarsa ya durƙusa ya ce, "Irkab ya Ammi, hau." Ilu ya fara cewa a'a, na daka masa tsawa, ya hau. Fahad ya rataya jaka biyu, gaba da baya. Ni na ɗauki tawa, na ɗora ta Ilu a ka kamar mai tallar yadi. Haka muka riƙa hawa: Bandar ya yi 'yan matakalai ya tsaya, ya jingina da dutse, numfashinsa kamar zuga-zugi. In ya gaza Fahad ya karɓa, ko da yake Ilu ya fi shi nauyi. Sau biyu suna zubewa tare. Gwiwar Fahad ta fashe, bai ko duba ba. Ruwanmu ya ƙare, Bandar ya tsiyaye sauran nasa a bakin Ilu, shi ya lashi leɓe.

Abin da ba zan manta ba, Ilu yana goye a bayan Bandar, zazzaɓi na kaɗa shi, amma yana ba shi umarni irin na sana'arsa: "A hankali, ya waladi. Kada ka girgiza fasinja." Bandar yana haki yana dariya. Wannan karon dariyar ba ta dame ni ba.

Hada da Ɗa'ifa

Rana ta yi ja muka fito kan titi kusa da Hada. Sanyi ya buge mu, hazo ya rufe gari, ga mu jiƙe da gumi. Fahad ya tsaya tsakiyar hanya yana ɗaga hannu. Motoci masu sheƙi suka yi ta kauce masa suna wucewa, wasu har da rage gudu su ƙare mana kallo. Wanda ya tsaya wani tsoho ne mai ɗaukar kayan lambu a akori-kura. Bai tambayi ko mu su wane ne ba, ya ce, "Sa shi gaba, ku ku hau baya." Haka muka shiga Ɗa'ifar da muka ci burin shiga da ƙafa, a zaune kan buhunan kabeji.

A asibiti likita ya duba ya tambayi kwana nawa ƙafar take a rufe. Da aka gaya masa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kallon da gara ya zage mu. Aka kwantar da Ilu, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Gwaggon Bandar da ke garin ta sauke mu a gidanta, ta ciyar da mu kamar ta haife mu. Fahad ya ƙi komawa aiki, a kan kujerar asibiti ya tare. Kowace safiya sai ya tsaya a kan Ilu ya ce, "Ammu, bil Arabi. Da Larabci za ka gaya mini." Ilu kuwa in da Larabci ne sai ya faɗi komai, har inda ke yi masa zugi.

An yi ƙoƙari, jan layin ya koma, ƙafar ta tsira. Yatsan ne bai tsira ba. Ranar da za a cire shi ni na kira Hajiya Rabi na gaya mata. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To," ta kashe wayar.

Dawowa gida

Bandar ne ya kawo motarsa ya ɗauke mu. Hanyar da ta ci mana kwanaki da fatar ƙafa, mota ta lanƙwame ta tsakanin azahar da la'asar. Muna gangarowa ina hango matakalan nan a jikin dutse, na kau da kai. A Misfala mota ba ta shiga lungun su Ilu, sai Fahad da Bandar suka sa shi a tsakiya, ya rataya hannu a wuyansu. Hajiya Rabi ta buɗe ƙofa, ta dubi ƙafar da ke naɗe, ta yi wa yaran sannu da Larabci, ta matsa suka shige da shi. Ni na yi sallama sau biyu.

Likita ya ce Ilu zai taka, amma tura keke da mutum a ciki ba bana ba. Azumi kuwa ga shi a bakin ƙofa.

Ina gode wa Allah da ya dawo da mu da rai. Ina gode wa Bandar, wanda yanzu ba ya wuce Hindawiyya bai leƙo shagona ya sha shayi ba. Ina gode wa tsoho mai kabeji da ban san sunansa ba, da gwaggon Bandar, da ma'aikatan asibiti. Fahad ma na gode masa, duk da har yau in na tuna takalmin nan sai raina ya ɓaci. Duk Juma'a yana Misfala da ledar cefane, yana zaune a gaban Ilu yana tambayarsa ma'anar kalmomi. Mai shagon kwarin Na'aman da masu motocin Hada kuwa, ba ni da abin ce musu.

Ni ma kullum bayan la'asar ina can. Muna zama da Ilu a ɗakin gaba, ya miƙe ƙafar a kan matashi, yana tsokanata ina ramawa. Hajiya Rabi ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta hana ni shiga ba. In shayi ya nuna takan turo faranti ta ƙarƙashin labule, da buta da kofi ɗaya.